Muryar da ke Ɗaga Dogo

Duk wanda ya taɓa leburanci a hannun Oga Matthew ya san abu biyu. Na farko, ƙarfen dogo ba ya tashi daga ƙasa sai da waƙa. Na biyu, waƙar ta Malam Auwal ce, ba ta kowa ba.

Ba wai a rubuce yake ba. Kamfanin Alhaji Sidi, wanda ya sami kwangilar gyaran tsohon layin dogo daga Kakuri zuwa wajen Rido, lebura ya ɗauki Auwal kamar kowa. Amma ƙarfe guda na dogo sai ƙarti sun taru a kansa kafin su raba shi da ƙasa, kuma in wani ya riga wani ɗagawa, to akwai mai komawa gida da ciwon baya ko karyayyen ƙwauri. Shi ya sa ake buƙatar baki ɗaya da zai haɗa hannuwa. Mutane su jeru biyu-biyu, kowane biyu su cafki ƙarfen da babban awartaki, Auwal ya ja numfashi ya ce, “Dogo ya yi barci!” su amsa, “Tashe shi!” A kan “shi” ɗin nan ƙarfe ke tashi. Daga nan sai tafiya, yana jefo baiti suna amsawa da “Taka!”, kowace amsa ƙafa ɗaya. Ba mai yin shiru, ba mai saki, sai mai waƙa ya ba da baitin saukewa. Wannan doka ce da ake faɗa wa sabon lebura tun kafin a nuna masa inda ake shan ruwa.

Auwal kuwa ya riƙe muryar nan tasa kamar jariri. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya cin gyaɗa, kullum da citta a aljihu. Tun masaƙun Kakuri na busa jiniya yake ba da waƙa a kan dogo, masaƙun suka mutu, kamfanoni suka zo suka tafi, shi yana nan. Ba shi da gida nasa, haya yake a Makera. Ba shi da babur. Abin da ya mallaka a duniya wanda wani bai da shi, shi ne in ya buɗe baki ƙarfe ya tashi.

Matarsa Indo tana da ƙane guda, Aminu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ya shekara uku a gidan yari. Kuma ba sharri aka yi masa ba, gara a faɗi gaskiya. Keke Napep yake ja, wasu suka riƙa ba shi dakon kusoshi da guntayen ƙarfen dogo da suke kwancewa, yana kai wa ’yan gwangwan, yana kuma sane da abin da ya ɗauka. Ranar da aka kama, masu kayan suka tsere, aka bar shi da keke da kaya.

Da fitowarsa ta matso, Indo ta hana Auwal sakat.

“Baban Ummi, in yaron nan ya fito ya zauna ba aikin yi, wallahi waɗancan mutanen za su sake ɗauke shi. Ka yi masa hanya a wurinku mana.”

“Wurinmu? Kin manta abin da ya kai shi?”

“Ban manta ba. Kai ma dai ka san ba wanda za a ji maganarsa a can kamar kai.”

Nan ta same shi, ta kuma san nan za ta same shi. Ran Lahadi da la’asar ya sa rigarsa ta Juma’a ya hau mota zuwa Kamazou, gidan Oga Matthew, heluman ƙungiyarsu. Ya tarar da shi ya dawo daga coci yana gyaran kejin kaji. Suka gaisa, aka kawo ruwa, Auwal ya zayyana masa komai bai rage ba.

Matthew ya ajiye guduma. “Malam Auwal, ka san abin da kake roƙo kuwa? Mutumin da aka ɗaure don ƙarfen dogo, ni in ɗauki sifana in damƙa masa?”

“Ni zan tsaya masa, Oga. Awartaki ɗaya za mu riƙe. In ya ɗauki ko noti ɗaya, ka kore mu tare.”

Matthew ya dubi kajinsa. “Don kai ne,” in ji shi. “Wata guda na gwaji. In ya wuce, a sa shi cikin ’yan dindindin. Amma maganar nan ta mutu tsakanina da kai. Alhaji ya rantse duk wanda ya taɓa hulɗa da ɓarayin ƙarfe ba zai taka layinsa ba, Manaja Ben kuma ba ya ɓoye masa komai. In ya ji, ba abin da zan iya.”

“Daga bakin wa zai ji?” in ji Auwal.

A wannan rana zuciyarsa fes take, ba za a ɗauke masa wannan ba. Shi ya je ƙofar gidan yari da kansa, ya karɓi ledar kayan Aminu, suka hau bas suka haye gada. Aminu ya rame, ya yi duhu, ba ya iya kallon mutum ido cikin ido. Auwal ya dafa shi ya ce, “To, Alhajin gwangwan, an dawo daga Umara ke nan?” Ƙanin mata abokin wasa ne, kowa ya sani, miji na da lasisin tsokanarsa yadda ya so. Aminu ya yi murmushin farko tun fitowarsa ya ce, “Yaya, har yanzu ba ka daina ba.”

Makon farko da na biyu, ba wanda ya kai Auwal jin daɗin duniya. Aminu ya kama aiki kamar zai cinye shi. Diga, shebur, turin tsakuwa a ƙarƙashin katako, ba ya cewa ya gaji. Ba ya magana sai an tambaye shi. Duk inda Auwal ya sa ƙafa nan yake sa tasa, in an tashi shi ke ɗaukar masa kwano. Da yamma Indo ta tarbe su da fura, tana ta sa wa mijinta albarka har maƙwabta na ji. Auwal ya kan ce, “Haba, ai yi wa kai ne,” yana kuma gyara zama don ta ƙara.

Sai damina ta yi abin da ta saba. Ruwa ya kama su a fili wajen Kamazou, ba rumfa ba bishiya, suka jiƙe sharkaf. Washegari Auwal ya tashi da mura, muryar ta dishe ƙurmus. Ga ƙarfuna jibge suna jiran a canza. Ya buɗe baki ya ce “Dogo,” abin da ya fito ko kaza ba zai kora ba.

Matthew ya gwada ƙirga da Turanci. Aka ɗaga a karkace, gaba ta tashi baya na ƙasa, Friday, wani ƙaton Bajju mai barkwanci, ya saki ƙara yana dafe da ƙugu. “Abeg, Oga, ka bar lissafin nan, ba makaranta muke ba. Wani ya ba mu waƙa!”

Kowa ya dubi kowa. Can Aminu ya ce, ƙasa-ƙasa, “In Yaya ya yarda, zan gwada. Mukan yi a inda na yi aikin yankan ciyawa.”

Auwal ya ɗaga masa hannu, irin na babba ya ba yaro dama. Har da ɗan murmushi, don ya san abin ba sauƙi ne da shi ba.

Aminu ya sunkuya ya kama awartaki, ya rufe ido, ya ce, “Dogo ya yi barci.”

Kalmomin na Auwal ne, amma muryar! Siririya ce, mai zaƙi, tana hawa a hankali har sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. “Tashe shi!” in ji ƙartin, ƙarfe ya tashi sumul kamar tabarma. Yana tafe yana jefo baiti, ya sa sunan Friday da ƙauyensu, ya jefa Pidgin, ya kawo wata kalmar Kataf da ya tsinta wurin abokan zamansa na gidan yari, ’yan kudu suka ruɗe da shewa suna takawa. Aikin da ake kaiwa la’asar, kafin azahar an gama.

“Ƙanin matata ne,” Auwal ya riƙa raɗa wa mutane da disasshiyar muryarsa. Ranar farko da alfahari ya faɗa. Rana ta biyu ba wanda ya tambaye shi.

Ya sha citta, ya sha zuma da lemon tsami, ya yi surace, muryar ta dawo garau. Ya zo da safe ya tsaya a gurbinsa ya gyara maƙogwaro, sai Friday ya ce, “Malam, ka ƙara hutawa mana, kada ta sake tafiya. Rediyo na nan.” Ashe har suna sun sa wa Aminu. Matthew, da yake dattijo ne mai gudun ɓacin rai, ya raba: safe na Auwal, yamma na Aminu. Rabon ma ya fi korar ciwo, don yanzu kowa na iya gwadawa. Da safe su amsa masa kamar masu biyan haraji. Da yamma su amsa wa Aminu har da rausaya.

Kishi ne ya kama Auwal, ba shi da wani suna. Kishi mai hana cin tuwo. Ya ga Mercy mai abinci ta tsoma ludayi ta ƙara wa Aminu tsokar nama ba a roƙa ba, shi da ya shekara da shekaru yana cin shinkafarta ko ƙashi ba ta taɓa ƙara masa ba. Ya ga Aminu ya fara ɗaga kai, ya fara dariya da ƙarfi, kumatu sun fara fitowa. Abin da ya je Kamazou ya roƙo ke nan, ga shi Allah ya ba shi, shi kuma ya ji kamar an yi masa sata. In ya shiga wanka sai ya riƙa gwada sabbin baitoci ƙasa-ƙasa, yana jan murya irin ta yaron, ya ji abin bai zauna ba, ya tsani kansa, ya ƙara tsanar yaron. Abin haushin ma, Aminu bai canza masa ba ko kaɗan. Har yanzu shi ke ɗaukar kwano. Da ya yi girman kai, da Auwal ya sami abin kamawa.

Wadda ta ƙarasa shi Indo ce, ba ta kuma sani ba. Ya dawo wata yamma ya tarar da ita tana wanke-wanke a tsakar gida tana rera wani abu. Ya tsaya a zaure ya kasa kunne. Waƙar dogo ce, da karin Aminu. Shekarunsu nawa da aure, bai taɓa jin ta rera tasa ba.

“A ina kika ji wannan?”

“Aminu ne ke yi in yana wanki. Ashe haka waƙar taku take da daɗi?”

Ya wuce ɗaki. Ta bi shi da tuwo, ya ce cikinsa ne ba daɗi.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe na gwaji, farar motar kamfani ta tsaya a bakin titi kusa da Rido, inda ake hango bututun matatar mai. Manaja Ben ya fito da farar hular kwano da takalmi mai tsabta, yana tsallake taɓo. Matashi ne, ba mugu ba, sai dai duk abin da ya gani sai ya kai gaba. Ya duba aiki, ya yaba, sannan ya zaro waya.

“Oga Matthew, an ce kuna da mawaƙi. Alhaji na so ya gani. Ina yake?”

Auwal ya ajiye shebur ya tako gaba, yana goge hannu a wando.

“A’a, ba Baba ba,” in ji Ben, da fara’arsa. “Yaron. Wanda ake ce wa Rediyo.”

Baba! A gaban mutanen da ya koya wa riƙon awartaki. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Matthew ya yi saurin shiga tsakani: “Oga, a al’adarmu babba ke buɗewa. Malam Auwal zai ɗaga na farko, Aminu ya ɗaga na biyu.” Ben ya ce ba komai, ya ɗaga waya.

Suka jeru. Auwal da Aminu a gaba, awartaki ɗaya, hannu ɗaya nasa ɗaya na yaron. Ƙarfen za a ɗauke daga gefe, a taka da shi a kan tsakuwa zuwa gurbinsa.

“Dogo ya yi barci!”

“Tashe shi!”

Ya tashi. Muryar Auwal ta fito da ƙarfinta na da, har shi kansa ya ji. Ya fara da tsokana, yadda aka saba, don mai waƙa na da izinin taɓa kowa.

“Friday mai tumbin doya!”

“Taka!”

“Oga Matthew sarkin kaji!”

“Taka!”

Aka yi dariya ana takawa. Ya saci kallon Ben. Wayar ba shi take kallo ba. Ta karkata kan Aminu, wanda ko waƙar bai fara ba, amshi kawai yake. Auwal ya ja numfashi ya jefo baiti na gaba. Bai shirya ba, ko kuma ya daɗe da shiryawa a banɗaki bai gaya wa kansa ba, Allah ne masani.

“Aminu ɗan gidan yari!”

“Taka!” Baki ya riga tunani, suka amsa.

“Shekara uku yana cin gabza!”

“Taka.” Amshin ya ragu.

“Ƙarfen dogo ne ya kai shi, ya kwance ya kai wa ’yan gwangwan!”

Tsit. Ƙarti suka daskare da ƙarfe a sama, wasu sun ɗaga ƙafa wasu ba su ɗaga ba. Dogon ya fara lilo, nauyin ya zubo gaba. Auwal ya duba ƙasa ya ga ƙafarsa ta hagu daidai ƙarƙashin ƙarfen. Ya buɗe baki ya ba da baiti na gaba, babu. Kansa fayau. Abin da ya rage kawai Aminu ya buɗe yatsunsa ƙarfen ya faɗa masa a ƙafa, ba kuma wanda zai ce ya yi laifi.

“Taka!” in ji Aminu, shi kaɗai.

Jijiyoyin wuyansa sun fito, idonsa na kan tsakuwa. Ya amsa wa zagin kansa, don doka ta ce ba a shiru da ƙarfe a sama. Sannan ya karɓi waƙar, ba zaƙi ba ado, murya tsirara: “A hankali, ’yan maza.” “Taka,” suka amsa. “Saura kaɗan, ’yan maza.” “Taka.” “Dogo zai kwanta.” “Kwantar da shi!” Ƙarfe ya sauka a gurbinsa lafiya, ba wanda ya ƙuje.

Ben ya sauke waya. “Matthew, na true?”

Matthew ya cire hula yana juya ta a hannu.

“Wasa ne, Oga,” Auwal ya yi caraf, yana yaƙe. “Ƙanin matata ne. Mu Hausawa akwai wasa tsakaninmu, kowa ya sani. Ku gaya masa mana.”

Ba wanda ya gaya masa. Ben ya juya ga Aminu. “Kai nake tambaya. An ɗaure ka a kan ƙarfen dogo?”

Aminu ya dubi Auwal sau ɗaya, ba harara, kallo kawai. “Gaskiya ne, Oga. Na yi, na kuma gama zamana.”

Ben ya yi tsaki, ba na fushi ba, na wanda aka ɗora wa abin da bai nema ba. “Ga shi a waya, ga mutane sun ji. Ko na so ba zan iya rufewa ba. Ka ba Matthew riga da takalmin kamfani. Kai kuma Matthew, ka same ni a ofis gobe.”

Aminu ya zauna a kan dogon da ya sauke, ya kwance igiyar takalmin, ya jera su, ya ninke rigar mai ƙyalli ya ɗora a kai. Ya sa silifas ɗinsa. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya ya ba su hannu, har Auwal. Mercy ta kira shi ya karɓi abinci, ya ce ya ƙoshi. Ya bi gefen layi ya nufi titi.

“Malam,” in ji Friday, “ni ma ina da ƙanin mata. Wannan ba wasa ba ne.”

Sauran ƙarfunan ranar, da ƙirgar Matthew aka ɗaga su. Ba wanda ya nemi waƙa, Auwal kuma bai tayar ba.

Da aka tashi ya ƙi hawa mota, ya tako da ƙafa ta Kakuri, yana shirya abin da zai ce wa Indo. Ya shirya na kare kai, ya watsar. Ya shirya na ba da haƙuri, ya ji ba zai fitu ba. Rana na gab da faɗuwa ya shiga zaure, tun daga nan ya jiyo muryarta tana faɗa.

Amma ba da shi take ba. Aminu ne tsugune a tsakar gida, kai a ƙasa, ita tana tsaye a kansa idonta jawur.

“Yauwa, Baban Ummi, gara da ka dawo. Ka ji abin da yaron nan ya yi mana? Wai manaja ya yi masa magana, shi kuma ya mayar masa da baƙa, aka sallame shi. Da bakinsa ya gaya mini! Mutumin nan ya sa rigarsa ya tafi har Kamazou, ya zubar da girmansa ya yi roƙo saboda kai. Ya ɗauke ka a ƙofar gidan yari ranar da ’yan uwanmu na jini suka ce ba su san ka ba. Sakayyar ke nan? Da wane ido zai kalli Oga Matthew gobe?”

“Indo,” in ji Auwal.

“A’a, kada ka tare masa, ka cika sanyin hali. Matso nan, Aminu. Durƙusa ka ba shi haƙuri.”

Aminu ya ja gwiwa ya matso har gaban ƙafar Auwal, ƙafar hagun nan da ke cikin takalmin kamfani lafiya lau.

“Yaya, ka yi haƙuri. Na ba ka kunya.”

Auwal ya tsaya da kwanon abincinsa a hannu, yau shi ya ɗauko abinsa. Ga maganar a bakinsa, gajeriya ce, ba ta kai baiti ɗaya ba. Ya dubi Indo, ya ga yadda take kallonsa, kallon da take yi masa tun ranar da ya dawo daga Kamazou. Mutumin da ke buɗe baki ƙarfe ya tashi, ya nemi muryar da zai ɗaga wannan ya rasa.

“Ka yi magana mana, Baban Ummi,” in ji Indo, muryarta ta karye. “Don darajata. Ka ce ka yafe masa.”

Ladan ya fara kiran magariba a masallacin layinsu.

“Na yafe,” in ji Auwal.

“Na gode, Yaya,” in ji Aminu. Ya miƙe, ya karɓi kwanon daga hannunsa kamar kullum, ya kai wurin wanke-wanke.